Ja Kaɗan

Bungudu, ranar Talata, farkon watan Safar

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Attahiru mai hoto, bakin tasha, Tsafe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da wannan takarda da za ta faɗo maka ba zato, na san kana da hidimar gabanka, kuma na san na yi laifin rashin zumunci. Don kada ka yi ta juya takardar kana neman mai ita, Sa'adiya ce, 'yar Malam Isma'ila na Bungudu. Mahaifina da mahaifiyarka Gwaggo Yelwa 'ya'yan wa da ƙani ne, ka ga ko da nisa taubasai muke. Yaya Gwaggo, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya iyali, yaya damina? Mu nan lafiya lau, gero ya nuna, sai godiya.

Da waya na aiki da kira ɗaya ya wadatar. Tun da aka rufe sabis mun koma irin ta da. Mas'udu direba zai kai wannan Gusau, ya ce akwai abokinsa Mamman mai lodin Tsafe da zai ƙarasa da ita.

Ga abin da ya kawo ni, kuma wallahi abin murna ne. Ina koyar da matan aure karatu a tsakar gidana tsakanin azahar da la'asar. Bana Allah ya nufi wasu daga cikinsu da sauka, har da Inna Ladidi, tsohuwar da ta ga 'ya'yan jikokinta, wadda sai bayan rasuwar mijinta ta fara riƙe allo. An sa walima Asabar ta farko a watan Mauludi. Kowace tana son hotonta riƙe da allon zayyana. Mazajensu da 'ya'yansu sun yarda, amma da sharaɗi: namiji ba zai ɗauka ba, namiji ba zai gani ba, ba kuma za a kai shago a buɗe fuskokinsu a kwamfuta ba. Na ce na ji, na ɗauki amana.

Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne firintar hoto da ɗana Sadiƙ ya bari da zai koma karatu. Ya koya mini yadda ake tura mata hoto daga waya, ba ta bukatar sabis, sola ma tana ɗaukarta. To tawadarta ta ƙare. Hoton ƙarshe da ta fitar layi-layi ne kamar tabarma. Mas'udu ya zaga Gusau da lambar katirij ɗin, wato ɗan gidan tawadar, ba a samu irinsa ba. Wani mai shago ne ya ce masa a Tsafe akwai mai ɗura musu tawada da allura, da ya faɗi sunan sai na ce ai ɗan Gwaggo ne!

Da gaske ana yi? Mace irina, da ba ta san tawada ba sai ta gawayi da ƙaro, za ta iya? Ba zan ɓoye maka ba, har na ɗauko kurtun tawadar allo na tsaya a kansa, sai na ji tsoro na mayar. Na kwafo maka lambar a bayan takarda. Ka gaida Gwaggo da kyau.

'Yar'uwarka,
Sa'adiya

Tsafe, Juma'a

Malama Sa'adiya, baiwar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Wato sai da tawada ta ƙare aka tuna da ubangida! Gwaggo ta sa na karanta mata har sau biyu, ta ce a gaya miki ƙafa da sauƙi, ta kuma ce ke kaɗai kika gaji haƙurin Malam Isma'ila. Ni ban yarda ba tukuna. Iyali lafiya.

Allah ya so ki da kika mayar da kurtun nan. Ƙaro in ya shiga katirij sai dai a yi masa sallah a rufe.

Ana yi mana, kuma za ki iya. Ga ƙunshi nan hannun Mamman: kwalba huɗu, baƙi da shuɗi da ja da ɗorawa, sirinji huɗu, kowace tawada da nata, kada ki haɗa musu. Ga tishu, ga takardar hoto. Katirij ɗinki biyu ne. Na baƙi ba shi da wahala, rami ɗaya ne. Na launi shi ne mai fushi. Ki ɓare sitikar da ke samansa za ki ga ramuka, ƙarƙashinsu soso ne, ɗaki uku, kowane launi da ɗakinsa. Ki sa tsinken sakace a kowane rami, launin da ya fito a tsinken shi ne mai ɗakin. Kada ki taɓa ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke gefe, nan ne idonsa.

Kafin ki zuba komai, ki samu ruwan ɗumi mai tsabta, ba na rijiya ba, na sama da aka tace ya fi. Ki zuba ɗan kaɗan a faranti ki tsayar da bakin katirij ɗin a ciki, bakin kawai, busasshiyar tawada ta jiƙa. Ki ɗora a tishu, kada ki goga.

Mamman na ta danna mini oda, bari in taƙaita. Allura cikin soso, ba har ƙasa ba. Turawa a hankali kamar ɗura wa jariri magani. Da kin ga tawada ta leƙo, tsaya. Kowane rami in an gama, ja kaɗan. Mayar da sitika. Danna baki a tishu, in layi uku sun fito, shuɗi da ja da ɗorawa, an ci nasara.

Ki ajiye mini naman walima. Ki gaida Inna Ladidi, ki ce mai hoto na Tsafe na taya ta murna daga nesa, tunda an hana shi kusa.

Ubangidanki,
Attahiru

Bungudu, ranar Laraba

Malam Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Gwaggo da yara. Ƙunshi ya iso, Allah ya saka da alheri, ya buɗa kasuwa. Maganar baiwa kuwa na bar ka da ita, ban iya wasa a takarda ba.

Ɗan'uwa, rabon da in ji daɗin wani aiki kamar wannan har na manta! Na tari ruwan sama a sabuwar roba na tace da farin ƙyalle. Na shimfiɗa tsohon zane a baranda, na jera kwalabe, na yi bisimilla. Da na tsayar da bakinsa a ruwan ɗumi sai ga launi na fita yana warwatsuwa a faranti kamar hayaƙi, na zauna ina ta kallo har na kusa ƙona miya. Tsinke ya nuna mini masu ɗakuna kamar yadda ka ce. Idon zinariya ban taɓa ba, ko numfashi ban yi a kansa ba.

Na bi takardarka kalma-kalma, yatsana a kan layi. Na ɗura shuɗi a ɗakinsa, ja a ɗakinsa, ɗorawa a ɗakinta. Sai na zo inda ka ce kowane rami in an gama, ja kaɗan. Na ɗan tsaya, don a sama ka ce kada a haɗa musu sirinji. Sai na gane hikimar. Ai mu ma in an rubuta Alƙur'ani da baƙi ba ya karantuwa ga ɗalibi sai an bi shi da jan wasali. Na ce ashe masu ƙera na'ura ma sun san rubutu ba ya cika sai da ja. Na ɗauki sirinjin ja na bi kowane rami na ɗiga masa, ban cika ba, kaɗan ɗin da ka ce.

To a tishu layi uku sun fito, amma ba irin naka ba. Shuɗin ya koma ruwan makuba, ɗorawar kamar manja. Na ce wataƙila sai ya hau takarda. Jiya bayan karatu na ɗauki Inna Ladidi hoton gwaji, ta sa farin mayafi, ta riƙe allo, ta ƙi murmushi wai ba ta da haƙoran yi. Mata suka kewaye firinta, tana ƙara tana turo takarda, muna ta kabbara. Da ta gama fitowa sai na ɗaga ta kowa ya gani.

Mayafin ya zama ja. Bango ja. Bishiyar darbejiyar da ke bayanta kamar an kunna mata wuta. Inna Ladidi ta karɓa ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta ce, "Sa'adiya, mi kinka yi min? Wagga ni ta, ko kuwa tattasai anka soya?" Lami matar mai gyaran keke ta faɗi ƙasa don dariya, ta ce, "Inna, ai kin riga mu shiga zafin kabari, ga shi an ɗauko ki." Inna ta ɗaga sanda ta ce, "Ke dai da kinka sha wata ukku kan Tabbat yada, rufa min baki."

Na yi dariya tare da su, amma na san aiki ya ɓaci. Watan Safar ya raba, wasu har sun gaya wa dangi na Nahuce za a ba su hoto. Tawadar ce ta lalace a hanya da zafin mota? Ko jan ne na yi wa rowa, ya kamata in ƙara? Ban sake taɓa komai ba sai na ji daga gare ka.

Sa'adiya

Bungudu, ranar Alhamis ta sama

Malam Attahiru,

Sallama da gaisuwa. Shiru ban ji ka ba, Allah ya sa lafiya, Allah ya sa ba jikin Gwaggo ba ne. Kullum Mas'udu ya dawo daga Gusau sai in aika a tambaya, ya ce babu. Da hanya yadda take, zuciya ba ta kwanciya.

Na gano! Wayyo ni Sa'adiya, na gano, kuma ban san ko in yi kuka ko dariya ba.

Da safen nan ina ɗiban ruwa a rijiyar gida, Inna Ladidi ta shigo da wuri don ta biya mini izunta na ƙarshe. Guga ta maƙale a jikin rijiya, ina ta kokawa. Ta leƙa ta ce, "Kak ki fizga, ɗiyata. Sassauta, sannan ja kaɗan." Na tsaya da igiya a hannu kamar an dasa ni. Ta ce, "Ja mana!" Na saki igiya, guga ta koma ƙasa, na ruga ɗaki na ɗauko takardarka.

Ja kaɗan! Sirinji kake nufi in ja baya, ko ba haka ba? Ba jar tawada ba! Attahiru, don Allah da ka sa "ki" a gaba. Harafi biyu ne fa. Ban ɗora maka laifi ba, oda ake danna maka, kuma ni ce na kawo wasali inda ba a gayyace shi ba. Da na ba Inna labari ta yi dariya har sai da ta zauna a turmi, ta ce, "Ashe malamai ma na tuntuɓe a baƙi biyu."

Yanzu na gurɓata ɗakin shuɗi da na ɗorawa da hannuna. Yana wankuwa? In allo ne na san yadda zan yi, soso a cikin akwati ne ban sani ba. An fara dakan gero na walima, an kai allunan wajen mai zayyana. Ina jiranka.

Sa'adiya

Tsafe, Talata

Malama,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Gwaggo lafiya, ki kwantar da hankali. Motar Mamman ce ta kwanta a gareji a Gusau, takardarki ta Laraba na cikin aljihun ƙofa. Jiya ya kawo mini biyun tare. Na karanta ta farko na dafe kai, na karanta ta biyu na yi dariya har mai shayin kusa da ni ya leƙo. Na karanta wa Gwaggo, ta ce laifina ne, tun ina yaro nake cinye rabin magana. To na karɓa. Iska nake so ki janye da tawadar da ta yi yawa, don kada ya yi ɗiga. Ki ja. Ki ja. Ga su nan na biya bashin "ki".

Yanzu maganar gaskiya, ba wasa. Yana wankuwa, amma ba kullum ake dacewa ba. Ki wanke sirinji tas. Ki zuƙe duk abin da ke ɗakin shuɗi da na ɗorawa ki zubar. Ki ɗura ruwan saman nan da ɗumi-ɗumi, ki zuƙe, ki sake, ki yi ta yi har abin da ke fitowa ya zama fari kamar yadda ya shiga. Ɗorawa ce mai riƙo, ja kaɗan ya ishe ta ɓaci. Ki zuƙe ruwan ƙarshe sosai, ki bar shi a inuwa ya tsane, ba a rana ba. Sannan ki ɗura sabuwa, ki buga takardun banza har launi ya daidaita. Kada ki sa shi a firinta babu tawada, bakin zai ƙone, in ya ƙone kuwa an gama.

Shi ya sa nake ba ki shawara ta ɗan'uwa. Lokaci ya ƙure, katirij ɗaya gare ki. Ki ɗauki hotunan, ki cire memorin wayar ki naɗe a takarda ki ba Mas'udu. Ni da hannuna zan buga, in rufe shago, in kawar da kai gwargwadon iko, in zuba a ambulan in manne. Ba wanda zai sani. Ni ba bare ba ne, kuma aikina ke nan, fuskoki nawa na gani na manta. Ya fi a ce ranar walima tsohuwa ta miƙo hannu ba ki da abin ba ta.

Ki yi tunani. Na ƙaro miki ɗorawa da takarda ko da wanne kika zaɓa.

Attahiru

Bungudu, ranar Lahadi, watan Mauludi

Ɗan'uwana Malam Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Gwaggo, ina gaida iyali. An yi walima jiya, ƙafafuna har yanzu ba nawa ba ne, amma ba zan iya kwanciya ban rubuta maka ba.

Ka ga ban aiko da memori ba. Kada ka ji haushi, na san don Allah ka faɗa, kuma na yarda da kai. Har na cire shi na riƙe a tafin hannu, ɗan abu kamar ƙwayar kabewa, ina tunanin in ɗauki hotunan in aiko maka. Sai na tuna ba cewa na yi bare ba zai gani ba, cewa na yi namiji. Ka ce ba wanda zai sani, to ni zan sani, kuma ni ce zan zauna gabansu gobe ina gyara musu karatu. Na mayar da shi. Na tara su na gaya musu gaskiya: zan gwada wanki, in bai yi ba babu hoto, su yafe mini. Lami ta turo baki. Inna Ladidi ta ce, "To mi kike jira? Tashi ki wanke."

Na wanke, ɗan'uwa. Ɗura, zuƙe, zubar, har yatsana ya yi kanta. Shuɗi bai ba ni wahala ba. Ɗorawa kuwa, in na ce ta fita sai in ga ruwan da ɗan ja-ja kamar an wanke goro. Da ya yi fari a idona na bar shi ya tsane, na ɗura sabuwa, na ja, na ja da kyau wannan karon. Ranar Alhamis na ɗauki kowa hoto da allonta na zayyana, na fara bugawa da na Inna.

Ya fito, kuma mata suka ɗauki guɗa! Mayafi fari, darbejiya kore, zayyanar allo kamar ka taɓa. Sai dai jan bai gama fita ba, ya ɓuya a fatar mutum. Inna Ladidi, wadda baƙa ce wuluk, ta fito jawur da ita kamar amaryar da aka tsare a ɗaki wata guda. Lami ta ce, "Malama, don girman Allah kada ki ƙara wankewa, haka nake son nawa!" Sauran suka goyi bayanta. Ni kaina na gaji, ga tsoron kada bakin ya ƙone, zuciyata ta ce ki bari haka, kowa ya ji daɗi.

Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo mini ta ce, "Kyakkyawa ta, amma ban san ta ba. Wagga ba ta sha rana tana zuwa makaranta ba. Baƙa niy yi karatun ga, baƙa za ki ba ni, jikokina su san wadda ta sauke."

Na sake zuƙe ɗorawar nan duka, sabuwar da na ɗura, ina kallonta tana tafiya a kwata. Na sake wanki ranar Juma'a, ban tsaya a farin idona ba, sai da na ɗiga ruwan a farin ƙyalle na kai rana na ga babu komai. Jiya da safe, ana girki, baƙi sun fara sallama, na ɗura ta ƙarshen da ka ƙaro, na buga takardun banza, na yi bisimilla na tura.

Attahiru, ita ce. Baƙinta, tsagen kumatunta, har jijiyoyin hannun da ke riƙe da allo. Na kai mata tana zaune cikin mata ana shirin ta karanta farkon Baƙara. Ta duba, ta goge ido da bakin mayafi, ta sa hoton cikin rigarta a ƙirji, ta buɗe baki ta fara karatu muryarta ko rawa babu. Kowace ta samu nata kafin la'asar. Lami ta karɓi nata tana gunaguni, wai an cuce ta, amma na ga tana ta nuna wa dangin mijinta mata.

Na so ka ga aikin tawadarka, ba hali. Sai na sa aka ɗauki hannuwana, tafi da baya, na buga maka, ga shi cikin ambulan. Ka ga yadda suka koma, shuɗi da ja da ɗorawa har ƙarƙashin farce. Na tambaya game da alwala, an ce rini ne kamar lalle, ba ya tare ruwa. Ga kuma soyayyen nama a leda, rabi na Gwaggo ne, kada ka cinye kamar yadda kake cinye magana.

Matan Nahuce da suka zo sun ce su ma suna da sauka bayan girbi, sun roƙe ni, na ce sai na tambaya. Yaya zan adana katirij ɗin kada bakinsa ya bushe kafin lokacin? Ka rubuta a zaune, ba a bakin mota ba, kowace kalma da cikarta. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

'Yar'uwarka,
Sa'adiya